Gidan Madaki: Siminti Ba Zai Cece Shi Ba

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, muna roƙon fili a wannan jarida tamu mai farin jini domin mu yi magana kan Gidan Madaki da ke garin Kafin Madaki, hedkwatar ƙaramar hukumar Ganjuwa a jihar Bauchi, da sauran gidajen ƙasa irinsa waɗanda hukuma ta ayyana a matsayin kayan tarihi. Mu magina ne da masu zanen gine-gine, kuma ginin ƙasa shi ne sana'armu. Abin da ya sa muka ɗauki alƙalami shi ne, duk sa'ad da aka tayar da zancen gyaran irin waɗannan gidaje, shawarar da ke fara fitowa daga bakin masu kyakkyawar niyya ita ce a shafe su da siminti, a kifa musu kwano, kowa ya huta. Babu hanyar da ta fi wannan saurin kashe gidan ƙasa, kuma za mu faɗi dalili dalla-dalla.

An gina wannan gida wajen shekarar 1860, zamanin Sarkin Bauchi Ibrahim ɗan Yakubu, lokacin da garin yake ribaɗi mai tare hare-haren Ningawa daga arewa. Aikin Babban Gwani ne, maginin nan na Zariya wanda ya gina Masallacin Juma'a na birnin Zazzau a zamanin Sarki Abdulkarimu, kuma har gobe akwai unguwa mai sunan wannan magini a cikin birnin. A shekarar 1956 aka sa gidan cikin jerin gine-ginen tarihi na ƙasa, a ƙarƙashin dokar kayan tarihi ta 1953, yana cikin na farko-farko da suka sami wannan matsayi. Tun 1979 kuma kula da shi ya koma hannun Hukumar Gidajen Tarihi da Kayan Tarihi ta Ƙasa, kuma doka ta hana a rushe shi ko a sauya masa fasali ba da izininta ba. Doka ta yi kyau. Sai dai takarda ba ta hana ruwan Agusta shiga rufi.

Kafin mutum ya ce ga yadda za a gyara, ya kamata ya san abin da ke cikin bangon. Ba bulo mai kusurwa huɗu ba ne. Tubali ne na hannu, mai faɗin gindi da tsinin kai, wanda ake curawa daga birji. Ana haƙo birjin, a farfasa shi, a jiƙa, a tattake da ƙafa, a zuba masa datsin ciyawa, a bar shi ya kwana biyu yana ruɓa, a sake jiƙawa a sake tattakewa, har sai ya yi danƙo yana kama ƙafa. Sannan a cura tubalin a shanya shi kimanin mako biyu. Wajen gini ana jera shi kai sama, a jefa kwaɓaɓɓiyar ƙasa da ƙarfi ta cika tsakani, a daidaita, a ɗora wani sahu. Magini ba ya wuce sahu biyu zuwa uku a rana a kan bango ɗaya, domin na ƙasa sai ya sha iska kafin ya ɗauki nauyin na sama. Bangon yana farawa da kauri a gindi, a manyan soraye yakan kai mita ɗaya ko ya fi, yana sirancewa yayin da yake hawa. Wannan kauri shi ke riƙe sanyin dare ya sake shi da rana, shi ya sa mai shiga soro da azahar a watan Afrilu yake jin kamar ya shiga wata ƙasa.

Gwanintar tana cikin rufi. Itacen da ake dogara da shi azara ce, wato tsagin gangar giginya, kuma magina sun fi son ta namijin giginya, daga ɓarin ƙasa na gangar, inda itacen ya yi baƙi ya yi tauri har gara ba ta iya shi da sauƙi. Amma azara tana da iyaka. In aka shimfiɗa ta tsakanin bango biyu aka ɗora mata ƙasa, ba ta ɗaukar tazarar da ta wuce ƙafa shida, wato kusan mita biyu, sai ta fara lanƙwasa. Duk dabarun maginin Hausa a kan tsallake wannan iyaka suke. Na farko, a fito da gajerun azara daga saman bango su zama kamar matashin kai ga dogayen azara, tazara ta ragu. Na biyu, a gitta azara a kusurwoyin ɗaki, abin da ake kira tauyi, sai murabba'in da za a rufe ya ƙanƙance. In ɗakin ya fi ƙarfin wannan, sai a koma ga ginshiƙi a tsakiya, ko kuma ga bakan gizo, wanda shi ne ya ɗaukaka sunan Babban Gwani.

Mutane da yawa suna ɗaukar bakan gizo tamkar bakan dutse irin na Turawa ko Larabawa, inda kowane dutse ke danne ɗan'uwansa. Ba haka yake aiki ba, kuma wanda bai gane wannan ba zai yi ɓarna in an ba shi gyara. Tun bango yana kusan tsayin kafaɗa ake binne ƙullin azara na farko a cikinsa, ya leƙo cikin ɗaki a ɗan karkace. A ɗaure shi da igiya, a lulluɓe da ƙasa, a danne gindinsa da nauyin bangon da ke ci gaba da hawa, a jira ya bushe. Sannan a ɗora ƙulli na biyu a kansa, ya zarce na farko ya ƙara kwantawa, a ɗaure su tare. Haka za a yi ta yi daga ɓangarori biyu har ƙafafuwan su kusanci juna, a haɗe su da azara a sama. Ƙasar da aka yaɓa ita ke ba shi wannan lanƙwasa mai kyau da ido ke gani, amma azara da igiyar da ke ɓoye a ciki su ke ɗauke da kaya, nauyin bango kuma shi ke hana su kifowa. In bakuna biyu ko fiye suka gitta juna a tsakiyar ɗaki, an sami ɗaurin guga, sai a cike gurabun da ke tsakaninsu da gajerun azara a jere, sau da yawa cikin tsari mai ban sha'awa da ake barinsa a fili. A kan azarar ake shimfiɗa zana ko asabari, a zuba ƙasa a daddaɓe, a fitar da gangara zuwa bakin indararo, a kewaye da rawani, wato ɗan gajeren bangon da ke zagaye bakin rufi, a tsayar da zankwaye a kusurwa.

To, gini irin wannan abokin gabarsa ruwa ne, kuma ta wuri uku yake cin sa: ta ka, ta gindi, da ta fuskar da ruwa ke duka. A yankin Bauchi damina takan kama daga Mayu zuwa farkon Oktoba, ruwan shekara yakan kai kusan milimita 1,000, kuma hadari galibi daga gabas yake tasowa. Don haka bangon gabas ne ke fara zaizayewa, shi ya kamata mai duba gida ya fara zagayawa.

Ta ka, matsalar kusan kullum daga indararo take farawa. Ganye, ko sheƙar tsuntsu, ko leda ta toshe shi, ruwa ya kwanta a rufi dare ɗaya, ya sami wata 'yar tsaga ya bi. Ko kuma wurin da indararon ya huda rawani ya saki, ruwa ya riƙa bin ƙarƙashinsa yana shiga cikin bango maimakon ya fita waje. Daidai nan kuwa kawunan azara suke a binne. Azara ba ta ruɓewa a tsakiya inda iska ke kaɗa ta, a kai take ruɓewa, inda ido ba ya gani. Mai duba rufi ya sa tsinin wuƙa a inda azara ta shiga bango: in wuƙar ta nutse, to an makara da shekara biyu ko uku. Indararo kuma ya zama ya zarce bango da aƙalla kamu ɗaya, kuma inda ruwansa ke faɗuwa a shimfiɗa duwatsu, in ba haka ba ruwan zai haƙa rami ya fantsamo gindin bango.

Akwai wani kuskuren da masu son gidan suke yi da hannunsu, wato ƙara ƙasa a kan rufi kowace shekara ba tare da an kankare tsohuwar ba. A yi lissafi. Busasshiyar ƙasa mai kaurin santimita 10 a kan murabba'in mita ɗaya tana da nauyin kilo 160 zuwa 180. A soro mai mita biyar-biyar, wannan ya kai tan huɗu zuwa huɗu da rabi, kafin ma ta sha ruwa. Bakan da aka ɗaure don wani nauyi, in aka yi shekara ashirin ana yi masa ƙari, wata rana igiya za ta gaji. Alamar ita ce tsaga da ke gitta bakan a daidai mahaɗar ƙulli biyu, ko tsakiyar rufi ta fara zama kwari. In an ga haka, abu na farko a tokare bakan daga ƙasa da itace mai ƙarfi a kan faffaɗan katako, sannan a rage kayan da ke sama da hannu, daga kowane ɓangare daidai wa daida. Ba a sauke gefe ɗaya a bar ɗaya, kuma ba a buɗe baka biyu a lokaci guda.

Ta gindi kuwa, laima ce ke hawowa daga ƙasa ɗauke da gishiri. In ta bushe a fuskar bango, gishirin ya rage, ya riƙa marmashe ƙasar tana zuba kamar gari, har gindin bango ya rarake ya bar sama a rataye. Fitsari a jikin bango, da ɗaure dabbobi kusa da shi, da zuba shara, duk suna ƙara wannan ciwo. Wanda ya fi su duka a zamanin nan shi ne titi da kwalbati: in aka ɗaga hanya ko filin maƙwabta ya fi daɓen gidan tudu, ruwan unguwa gaba ɗaya gindin gidan tarihi zai nufa. Dakalin da magabata ke yi a gindin bango ba don zaman hira kaɗai ba ne. Shi ke karɓar dukan ruwa da cin gishiri, in ya lalace a sake shi da araha, bango yana nan lafiya.

Yanzu mu zo kan siminti. Bangon ƙasa yana shan laima da damina ya fitar da ita da rani ta fuskarsa. In aka shafe fuskar da siminti, an toshe mafita, amma ba a toshe mashiga ba, domin laima na ci gaba da hawowa daga ƙasa. Sai ta taru a bayan simintin, ta ma hau sama fiye da da. Bayan haka, siminti da ƙasa ba sa miƙewa da tsukewa daidai in rana ta buga dare ya yi sanyi, don haka cikin damina biyu zuwa uku simintin zai rabu da bango ya tsattsage. Ruwan sama ya shiga ta tsagar ya rasa hanyar fita. Gara ta sami duhu da danshi, ta yi hanya a ɓoye har ta kai ga zana da igiya. Daga waje gida yana sheƙi, ga fenti, ga hoto a jarida. In ka ƙwanƙwasa da yatsa sai ka ji yana amsawa kamar ganga. Ranar da simintin zai faɗo, da fallen bango yake tahowa, tare da zanen da ke jiki in akwai. Rufin kwano a kan soro shi ma haka: yana ɓoye rufin asali ba mai ƙara hawa ya duba, ƙusoshinsa da katakonsa suna huda rawani, iska tana jijjiga shi, ruwansa kuma yana zuba a jere a gindin bango.

Abin da magabata suka tanada don wannan aiki yana nan, ba a rasa shi ba tukuna. Don bango akwai makuba: ɓawon 'ya'yan ɗorawa ake jiƙawa ko a dafa, a kwaɓa jar ƙasa da ruwan, a yaɓa da hannu. Yana bushewa ya yi duhu, ruwa yana zamewa a kansa, amma laima tana fita. Yakan nemi sabuntawa bayan shekara biyu zuwa uku, bangon gabas ma kafin haka. Don rufi da rawani da kan zankwaye akwai laso, wanda ya fi makuba ƙarko da tsada. Ana yin sa da katsi, wato laka mai taruwa a gindin karofi, wadda ake ƙonawa a daka ta zama gari, da gashin jima daga majema, da ruwan dakakkiyar dafara mai yauƙi. Ana cuɗa su ana juyawa safe da yamma na tsawon kwanaki kafin a shafa, a goge da dutse mai santsi. Laso mai kyau yakan kai shekara biyar. Wajen shafa kowannensu sai an kankare abin da ya saki, an share ƙura, an yayyafa ruwa, domin sabuwar ƙasa ba ta kama busasshen bango. A shafa sirara-sirara, kada kowane shafi ya wuce kaurin yatsa, a bar shi ya sha iska kafin na gaba. In hunturu na kaɗawa da ƙarfi a yi aikin da sassafe ko da la'asar, domin abin da ya bushe da gaggawa tsagewa yake yi.

Tsaga ma iri biyu ce. Akwai ta yaɓe, siririya, wadda shafi ke rufewa. Akwai wadda ta ratsa bango, galibi a kusurwa ko kusa da ƙofa. Irin wannan kada a yi saurin cike ta. A manna ɗan curin ƙasa mai laushi a gitta ta a wuri biyu ko uku, a rubuta kwanan wata, a dawo bayan wata guda. In curin ya rabe, bangon yana motsi, sai a nemo dalili a gindi ko a rufi tukuna. In bai rabe ba, a sassaƙe tsagar ta buɗe, a yanka gurabu a gicciye kowane kamu ɗaya, a kwantar da gajerun azara su ɗinke ɓangarorin biyu, a cike da tubali da ƙasa irin ta asali. Gindin da ya rarake kuma gaɓa-gaɓa ake gyara shi, kada a buɗe fiye da mita ɗaya a lokaci guda, a tsallake mita ɗaya, a dawo wa na tsakiya bayan na farko ya bushe.

Wahalar da ke tafe ita ce kayan aiki da masu aiki. Giginya tana shekaru masu yawa kafin ta isa sara, ana sare manya, ana kuma tone muruci a ci, wanda shi ne giginyar gobe. Azarar da ake samu a kasuwa yanzu sau da yawa ɗanya ce, ko daga farin cikin gangar, wadda gara ke cinyewa cikin 'yan shekaru. Karofi sun mutu a garuruwa da yawa, in ban da irin na Ƙofar Mata a Kano, don haka katsi ya yi wuya. Maginan da suka iya ɗaurin guga tun daga tushe sun tsufa, 'ya'yansu sun koma bulo saboda nan abinci yake, kuma ba mu ga laifinsu ba. A Zariya an kewaye abin da ya rage na masallacin Babban Gwani da sabon gini tun shekarun 1970. A Jos, a gidan tarihin gine-ginen gargajiya da Zbigniew Dmochowski ɗan ƙasar Folan ya assasa, akwai kwafin masallacin da magina Hausawa suka gina. Kwafi yana da amfani, amma na Kafin Madaki na asali ne, a inda aka gina shi. A Jamhuriyar Nijar, masallacin Yaama da ke yankin Tawa, wanda magini Falke Barmu ya fara a 1962, ya ci lambar Aga Khan ta gine-gine a 1986, da ƙasa da itace. Tsohon garin Agadas ya shiga jerin wuraren tarihi na duniya na hukumar UNESCO a 2013. A Jenne ta ƙasar Mali kuwa, kowace shekara gari ne ke fitowa a yaɓe masallaci a yini guda. A cikin waɗannan uku babu ɗaya da siminti ya riƙe.

Roƙonmu ga hukumar tarayya, da gwamnatin jihar Bauchi, da masarautar Bauchi, da ƙaramar hukumar Ganjuwa, ba na kwangilar miliyoyi sau ɗaya a shekara goma ba ne. Gidan ƙasa ɗan kuɗi kaɗan yake so kowace shekara, a kan kari. A fara dubawa a Oktoba da ɗaukewar ruwa, lokacin da tabon laima bai ɓace ba, a tara birji da makuba da azara a Nuwamba da Disamba, a yi babban gyara daga Janairu zuwa Maris, a gama shafe rufi da share indararo kafin ƙarshen Afrilu. Kuɗin da ya fito a Yuli ba shi da wani amfani ga wannan gida sai na sayen tokara. A damƙa aikin hannu ga Sarkin Magina da mutanensa, injiniya ya tsaya a kan awo da rubutu, kuma kowane gyara a sa matasa biyu ko uku su koya ana biyansu. A auna gidan ciki da waje, a ɗauki hoton kowane baka da kowane zane kafin a taɓa shi, a ajiye kwafi a Bauchi da kuma hannun masu gidan.

Kada kuma a tsaya kan babban soro kaɗai. Gidan Bahaushe tsari ne: zaure inda baƙo ke tsayawa, ƙofar gida, shigifa, sannan cikin gida, ƙofofi a goce da juna yadda na waje ba ya hango na ciki. In aka adana ɗaki ɗaya aka bar katanga da filin da ke kewaye suka tafi, ko aka bari wani ya dasa bene jikin bango, an rasa rabin abin da ake son nuna wa na baya. Ya kamata a shata iyakar filin gidan a rubuce, a duba inda ruwan titi da na maƙwabta ke bi, kuma ƙaramar hukuma ta ware fadama ɗaya a dasa giginya, a hana tonon muruci a cikinta, domin azarar da za a buƙata nan da shekara arba'in yanzu ake shuka ta.

Mun gode da ba mu wannan fili. Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Naku,
Wasu magina da masu zanen gine-gine,
daga Bauchi da Zariya.